Na Riga Ka Sha, Lawali

Zuwa ga Alhaji Lawali, a Bobigny, gefen Paris.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida Hajiya Zuwera da yara da jikoki da duk wanda ke ci a kwanonka. Ya jiki, ya ƙafar da aka ce ta matsa maka? Allah ya ƙara sauƙi. Habu ne, na Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, in ba ka manta sunan ba. Lafiyata lau, sai abin da shekaru ke kawowa.

To, gaisuwa ta ƙare. Ga maganar da ke ci mini rai.

Shekara goma sha huɗu ke nan mutanenmu na Lyon suna kirana Mai Sassaƙe, in na ba da baya kuma Mai Guba. In na kai tuwo wurin suna, kwanona ne ke dawowa cike. In na dafa shayi bayan Juma'a, nan take kowa zai tuna likita ya hana shi sikari. Har waɗanda suka zo ƙasar nan jiya sun san labarin tsohon da ya kusa kashe abokinsa da icce. Mutum ɗaya ne a duniya ya ga yadda aka yi, kai ne, kai kuma ka kulle bakinka, ka kwashe iyalinka ka koma Paris.

Ban yi lakwal ba, ko aji ɗaya na boko ban shiga ba, ka fi kowa sani. Baƙaƙen nan a jikin kwalayen kayanka na koye su, zamanin da nake ɗora maka dila a mota. Kwana tara ina danna wannan da yatsa ɗaya a salula. Da gangan na sa shi a shafin 'yan garinmu, tunda na kira ka har na gaji. Duk mai ido ya karanta, ba abin da na ɓoye.

Ka tuna Lahadin nan ta watan Mayu, a bakin kanal, rafin nan da aka haƙa? Cikinka ya yi wata biyu yana murɗa, ƙwayoyin likita ba su yi maka kome ba, har ka daina sha ba tare da Hajiya ta sani ba. Muna tafe a hankali sai ƙamshi ya tare mu. Muka ɗaga kai, ga icce da furanni farare tas suna reto zangarniya-zangarniya, ga ganyen nan ƙanana jere biyu-biyu. Kai ka fara magana. Ka ce: "Habu, marga ce ta biyo mu Faransa, sanyi ya wanke mata launi."

Kuma wallahi ta yi kama. Margarmu ta Tasawa haka furenta ke reto, sai dai nata rawaya ne. Da ita babana ke yi wa rabin garin maganin ciki, ni ke riƙe masa gatari tun ban kai kafaɗarsa ba. Amma na ga ƙaya a rassan, na ce maka marga ba ta da ƙaya. Ka ce: "A ƙasar nan mutane ma ƙaya gare su, bare icce." Na yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta mantar da ni karatun ubana.

Kai ka riƙe leda, ni na zaro wuƙa. Na sassaƙa gefen gabas, na sassaƙa gefen yamma, kamar yadda ake yi a gida. Muka zo ɗakina na dafa da 'yar jar kanwa.

Yanzu ga wurin da nake so kowa ya buɗe kunne. Babana yana da ƙa'ida, kai ma ka san ta, don a gabanka ya sha faɗa: sabon icce, mai magani ne ke fara sha, ya bari ya kwana a cikinsa, sannan ya miƙa wa wani. Na cika kofi na shanye a gabanka, Lawali. Kana zaune bakin gadona kana kallo har na kife kofin. Na ce ka je gida ka dawo gobe. Ka dafe ciki ka ce babana yana Tasawa cikin kabari, ciwon kuma yana nan tare da kai, ba zai jira gobe ba. Ka jawo tukunyar da hannunka ka sha kofi biyu.

Ban fizge ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Na sassaƙi iccen da ban san sunansa ba, wannan ma nawa ne. Ban taɓa cewa hannuna fari ne ba.

Kafin la'asar amai ya kama ka, jiki ya saki, ambilans ta ɗauke ka. Kwana huɗu kana gadon likita, 'yan garinmu suna ta sintiri, Habu bai leƙo ba. Hajiya Zuwera ta ce a gaban jama'a, wanda ya san bai yi kome ba ai da ya zo. Maganar ta zauna daram.

Ina nake? Ina ƙasan ɗakina, tsakanin tabarma da bokiti. Kwana uku ban iya kaiwa bakin ƙofa ba, lokacin kuma iyalina suna Tasawa, ba mai miƙa mini ruwa. Da na tashi, na tarar an riga an yanke mini hukunci. Ban buɗe baki ba, don a ce ɗan mai magani maganinsa ya kayar da shi, abin ya yi mini nauyi. Na ce bari Lawali ya warke, shi zai faɗa. Ka warke, ka yi ƙiba ma, ba ka faɗa ba. Na kuma san dalili. Da ka faɗa, dole Hajiya ta ji cewa ka watsar da ƙwayoyin likita, kuma kai ka jawo tukunya. Kai da ke ciniki da Sinawa ba ka ƙifta ido, amma bakin Hajiya ya fi ƙarfinka. Ni na biya maka wannan tsoron.

Iccen kuwa, da farko na tsane shi. Bayan shekara biyu aka ba ni 'yar garka ta shuka kayan lambu cikin garkunan unguwa, sai ga shi ya tsiro a bakin shingena. Na ɗauko adda da fushi. Maƙwabciyata a garka, wata tsohuwar Bafaransa, Madam Odet, mai kiwon zuma, ta tsayar da ni ta ce me ya yi mini. Na ba ta labari da guntun Faransancina. Ta kama kai, ta daɗe ba ta saki ba.

Ita ta gaya mini sunansa robiniye, ko da yake kowa a nan akasiya yake ce masa. Ɓawonsa guba, saiwarsa guba, ganyensa da 'ya'yansa ma ba a wasa da su. Ta ce a ƙauyensu doki ya taɓa mutuwa don ya gwigwiyi ɓawon turken da aka ɗaure shi. Fure kaɗai ake ci. Da Mayu ta zagayo ta tsinko shi, ta tsoma a ƙullu ta soya kamar fanke, ta barbaɗa sikari. Sai da ta ci uku a gabana sannan na ɗauka, ta kuwa gane dalili, ta yi dariya. Ta ce kakarta shanya furen take yi, ta jiƙa a ruwan zafi in ciki yana ƙuna ko yana murɗa.

Ka ji, Lawali? Furen. Abin da muke nema yana reto bisa kanmu, har yana zubo mana a hula, mu kuwa mun duƙa muna sassaƙar guba. Na zauna bisa bokitin ban-ruwa ran nan na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya.

Tun daga nan na zauna na san iccen nan kamar yadda babana ya san na dajinmu, kuma yau ba wani ɗan boko da zai ja da ni a kansa. Zumarsa fara ce, garai-garai, tana shekara a kwalba ba ta daskare ba. Da shi masu gonar inabi ke yin turaku, don ruwa ba ya cin sa. Turakun shingena da shi na kafa, shekara goma sha biyu suna cikin laka, ko girgiza ba sa yi, maƙwabcina mai sayo na kanti kuwa ya canza nasa sau uku. A wuta yana ci a hankali, garwashinsa ya daɗe, kamar kirya. In ka sare shi, goma za su fito daga saiwa. Ba marga ba ce, wannan ɗan'uwan kirya ne, mu ne muka dubi fuska muka ba shi dangin da ba nasa ba. Shayin furen nan shekara goma ina sha. Ya kwana a cikina fiye da yadda babana ya ce. Amma ban taɓa miƙa wa kowa ba, wa zai karɓa daga hannun Mai Guba?

Shekara biyar da suka wuce na shigo Paris, ka sani. Madam Odet ce ta ce iccen da ya fi kowane tsufa a birnin nan robiniye ne, yana wani ɗan fili kusa da babbar majami'ar bakin kogi, ya haura shekara ɗari huɗu. Na hau jirgin ƙasa takanas. Na same shi ya karkace, an tokare shi da siminti, amma yana fure abinsa. Na zauna bisa benci da kwalbar zuma a jaka, na kira lambarka. Hajiya ta ɗauka ta ce kana barci. Da hantsi, Lawali, kai da ko ranar Sallah ba ka barcin hantsi. Na ci burodina, na komo Lyon da zumata.

Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba. Amma haushin ba ya zama wuri ɗaya. Sanyinmu na farko a ƙasar nan, babbar rigar sanyi ɗaya gare mu, mai aikin safe ya sa, ya dawo ya tuɓe wa ɗan'uwansa tun da ɗuminta. Kowace takarda ta zo daga ofis kai ke karanta mini, ba ka taɓa sa na ji ni jahili ne ba. Ranar da Innata ta rasu kai aka kira, ka zo har wurin aiki, ka tsaya bayana ka ƙi magana sai da na sauke kwalin da ke kaina, don kada ya faɗo mini a ƙafa. Mutumin da ya yi mini wannan, ban yarda shirunsa shi ne ƙarshen maganarsa ba.

Yanzu an ce ka bar wa 'ya'yanka shago, bayan Babbar Sallah za ka koma Tasawa gaba ɗaya. Ni ba na komawa, jikokina a nan suke, a nan za a rufe ni. In ka hau jirgin nan da bakinka a kulle, ka tafi da sunana a aljihunka, kuma ba mai dawo mini da shi. Ranar da aka ɗauki gawata, abin da za a tuna ke nan, tukunyar sassaƙe.

Na yi maka sanda. Reshen robiniyen garkata ne, shekara biyu yana bushewa, tun ranar da na ji ƙafarka ta fara ciwo. Na kankare ɓawon tas, ko ƙwarzane bai rage ba, na goge na shafe da mai. Daidai tsayinka na yanke, ban manta ba, kafaɗarka tana kai mini kunne. Za ta ɗauke ka daga gida zuwa masallaci har iyakar kwananka, ta kuma rage wa wani.

Ba haƙuri nake so ka ba ni ba. Nawa laifin na faɗe shi a gaban kowa, ina roƙonka gafara a kansa, kai da Hajiya, don na san kwana huɗun nan ita ma ta sha wuya. Layi ɗaya nake so, a nan ƙarƙashin wannan rubutu, inda kowa zai gani: Habu ya riga ni sha. In yatsa ba ya dannuwa, ka faɗa da murya a tura. Asabar ɗin da ke bin Sallah zan zauna bisa bencin nan, gindin tsohon iccen, daga hantsi har la'asar, da sanda da zuma. Zumar ma ni zan fara lasa a gabanka.

Allah ya ba ka lafiya, ya sauƙaƙa maka ƙafa, ya kai ka gida lafiya. Allah ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a Tasawa, ya yafe mana abin da muka yi da sani da wanda muka yi da rashin sani, ya sa mu cika da imani. Amin.

Naka tun na riga ɗaya,
Habu ɗan Mai Magani, Vaulx-en-Velin.

Ku kuma 'yan Bobigny da ke karantawa, na san kuna nan, kada ku danna mini alamar hannu ku wuce. Wani ya ɗauki salula ya je ya zauna gabansa ya karanta masa tun daga sallama, da ƙarfi, Hajiya ma ta ji. Lawali, na sha ko ban sha ba? Ka amsa mini.