Mijina Ya Ba Girkin Mamata Maki Talatin

Anti, don Allah ki taimake ni kafin gidana ya watse a kan cokalin mai.

Maigidana ya samu aiki da masu binciken nan da ke auna ingancin abincin da jama'ar ƙasa ke ci. Gida-gida suke bi suna tambayar mutane abin da suka ci jiya, sannan a gwada da ka'idar cin abinci mai kyau a ba da maki. Na yi murna, har na raba alewa. Ashe aikin ba ya tsayawa a ofis. Mutumin da a da ko ruwan zafi aka ba shi sai ya sa albarka, yanzu sai ya leƙa tukunya ya girgiza kai. Ya sayo ɗan sikeli ya ajiye kusa da murhu, har gishiri sai ya hau.

Ni na saba da shirmensa. Matsalar ita ce Mamata, da ta zo wurinmu don za a yi mata aikin ido mako mai zuwa. Ranar da ta sauka ta karɓe kicin, ta yi mana shinkafa da miyar da mai ke iyo a kanta, irin wadda ta raine mu da ita. Bawan Allahn nan ya cinye tas, ya suɗe hannu, sannan ya sanar da ita cikin ladabi cewa girkin ya ci talatin cikin ɗari. Wai ka'ida ta ce faranti ya zama kala-kala, aƙalla kala biyar.

Washegari Mama ta aika aka sayo lemon kwalba ja, da baƙi, da kore, da ruwan ɗorawa, da fari, ta jera masa a gaban farantinsa tana jiran yabo. Wallahi da zuciya ɗaya ta yi. Maimakon ya yi shiru, sai ya rage mata maki goma saboda sukari.

Yanzu ta ɗaure jakarta. Ta rantse Asabar za ta koma gida, idon ma ya zauna haka, tunda abin da ya gani ya ishe shi. Ina tsoron ta tafi a fasa aikin, dama da ƙyar muka lallaɓo ta. Shi kuma ya kafe wai kimiyya ba ta san suruka ba. Wani abin haushin, jiya ina neman makulli a motarsa na tarar da ledojin biskit da cakulan jibge a ƙarƙashin kujera. In tona masa asiri a gabanta ne?

Mai kicin biyu a ɗaya

’Yar'uwa, na yi dariya har shayina ya zube, amma batun idon Mama ba abin wasa ba ne.

Maigidanki yana da 'yar gaskiyarsa. Mai da gishiri da sukari in sun yi yawa suna cutarwa, musamman ga mai shekaru, kuma kalolin da yake nufi su ne ganye, karas, tumatir, wake da 'ya'yan itace. Sai dai ma'aunin nan don a gane halin da ƙasa take ciki aka yi shi, ba don a yi wa suruka jarrabawa ba. Ko a wurin aiki, ai ba ya faɗa wa mutane makinsu a kan tabarmarsu.

Kada ki tona shi a gabanta, raini za ki saya masa. Ki ja shi ɗaki, ki zube masa ledojin nan a kan gado, ki yi masa tambayar da yake yi wa jama'a: me ya ci jiya? Ki bar shi ya ba kansa maki. Sikelin kuma ya koma mota, ya yi zamansa da biskit.

Ganye da karas ki riƙa yanka su da kanki kina ajiyewa a gefe, ba tare da wa'azi ba. Ita kuwa Mama, dogon ban haƙuri ba zai kwance jakarta ba. Kafin Asabar ki roƙe ta ta sake yin miyar nan, shi kuma in ya cinye ya rufe bakinsa, ya miƙa mata farantin ta ƙara masa.

Allah ya sa a yi aikin ido lafiya, ya zaunar da ku lafiya.