A Teburinmu Ba a Sayarwa

Litinin, 6 ga Maris

Saura wata shida in yi ritaya. Resi, matata, ta ja ni banki kamar akuyar da za a kai kasuwa. Wata ma'aikaciya da ba ta kai 'yarmu shekaru ba ta duba takarduna ta ce, "Herr Pongratz, duk abin da kuka tara yana kamfani ɗaya, kuma shi ke biyanku albashi. Ku sayar da kashi biyu cikin uku, mu rarraba." Wai ni za ta koya wa! Shekara talatin da takwas ina gaban murhun narka gilashi a kamfanin. Kowace Kirsimeti kamfani na sayar mana da hannun jari da rangwame, ban taɓa tsallake shekara ba.

A mota Resi ta ce, "Lenz, gwiwoyina fa." Na sani. Na yi mata alkawari ranar da na ajiye aiki ita ma ta daina goge daɓen asibiti. Da kuɗin nan za ta huta.

Alhamis, 9 ga Maris

Teburinmu na Alhamis a mashaya, mu bakwai, duk ma'aikatan kamfanin gilashi. Bakina ya suɓuce na ba da labarin banki. Alois, tsohon shugaban sashenmu, ya ajiye kofinsa. "Kai Lenz, ashe ka zama mijin-ta-ce? A teburin nan ba a sayarwa. Wanda ya sayar ya nemi wani teburin." Kowa ya ƙwanƙwasa tebur alamar amincewa. Ni na fi kowa bugawa da ƙarfi.

Juma'a, 10 ga Maris

Na ce mata ba zan sayar ba. Miyar dankali kawai ta zuba min.

Talata, 18 ga Afrilu

An kashe murhu biyu a kamfani, wai tsadar gas. Farashin hannun jari ya faɗi da rabi. Alois ya ce, "Mun ga wanda ya fi wannan, ku daure." Daurewa muke.

Laraba, 17 ga Mayu

Shi ke nan. Kamfani ya durƙushe, kotu ta naɗa mai kula da shi. A wurin cin abinci aka tara mu, wani mai kwat ya karanta takarda cikin minti huɗu. Abin da na tara a shekara talatin da takwas ba zai gyara rufin gida ba.

Asabar, 20 ga Mayu

Resi ta dawo daga wurin mahauci, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. Matar Alois ce ta yi mata fariya: ai su Allah ya taimake su, tun Janairu maigidan ya sayar da nasa hannun jarin kakaf. Janairu! Ranar da yake kirana mijin-ta-ce, kuɗinsa na kwance a wani wuri suna hutawa.

Raina ya ɓaci. Amma ba Alois ne ya riƙe min alƙalami ba. Tsoron dariyar tsofaffi shida ya sa na yi caca da gwiwoyin matata. Wannan ne ya fi ci min rai.

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Nama kawai ta sa a firji.

Alhamis, 25 ga Mayu

Ban je teburin ba. Vitus, ɗaya daga cikin 'yan teburin, ya kira, wai kujerata babu kowa. Na ce su ɗora Alois a kan biyun, tasa da tawa.

Alhamis, 1 ga Yuni

Mun koma banki. Ma'aikaciyar nan, Frau Kellermeier sunanta, ba ta ce "na gaya muku" ba. Ɗan abin da ya rage an raba shi wuri uku. Resi ce ta yi tambayoyi, ni na riƙe mata jaka. Ba wai na ce sun fi ni sani ba.

Asibiti sun yarda in karɓi wurin Resi daga Litinin, ƙarfe biyar na safe, har shekara uku. Da yamma ta kawo bokiti kicin tana nuna min yadda ake matse tsumma ba tare da baya ya riƙe ba. Sau uku ina jiƙa takalmina. Ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafafunta, ta ce, "Sake, tsoho. Ka bar lungu."

Na sake.