Ganyen Magaryar Gwaggo

Zuwa ga ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina karatu, ya sanyin ƙasar duwatsu? Da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu na Gwaggo Kulu?

Akwai abin da ban faɗa maka ta waya ba. Gwaggo ta bar wasiyya a yi mata wanka da ganyen magaryar dajin Tozai, inda ta yi itace tana yarinya. Da ta cika, ni da kaina na hau mashin na tafi. Sanusi, dajin kore shar, amma dogon yaro ne zalla, layi-layi, wanda aka dasa bayan masu gawayi sun gama da shi. Ba magarya, ba kanya, ba aduwa, ba marke. Na yi ta zagaye ina kuka, lokaci na ƙurewa. Ƙarshe busasshen ganye na saya a kasuwar Illela, wajen wata 'yar Ƙwanni. Har yau abin na cina.

Ka ce a dajin dutsen da kake bincike, itatuwan da ba dangin juna ba ke zaune wuri ɗaya, shi ne ƙarfinsa. To, namu fa? Kowa murna yake wai daji ya dawo. Mi ya dawo?

Na shuka ƙwallon magarya bayan ɗakina. Ka yi addu'a ta kama, ka gaida Hadiza da yara. In tawa mutuwar ta zo, kada a sayo ganye.

Yayarka,
Aisha