Ɗanki Ya Ƙoshi, Luba

Zuwa ga ƙanwata Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan ba, babu direban da ke kai saƙo inda kike. Amma na gaji da yi wa keken ɗinki magana, kuma zancen nan naki ne.

Gida lafiya. An buɗe bodarmu da Ƙonni, kasuwa ta dawo da hayaniyarta, 'yan canji sun koma bakin titi da sefarsu. Ruwan tafkin Kalmalo ya ja baya bana, kifi ya yi tsada. Ni kuwa ina nan, sai dai idona ya fara gardama da kafar allura.

Sai Attahirunki. Luba, ɗanki ya ƙoshi. Kin ce kada in bar shi da yunwa, ban kuwa bar shi ba. Na san inda maganar ta fito, shekarar farin nan da yayyensa biyu suka rame a hannunki har suka tafi muna kallo. Shi ya sa ban taɓa hana ki ba lokacin da kike zuba masa man shanu har a cikin kunu. Yanzu ko balaga bai yi ba, amma wandon makarantarsa da awon magidanci nake yanka shi. Kowane hutu sai na farke na ƙara ƙyalle.

Kin manta ke ce kika ce sai ya yi boko ya zama malamin asibiti? To, bana ma aji biyar ya maimaita. Wallahi ba daƙiƙi ba ne, har rubutun Faransanci na jikin gwangwanayen Ƙonni yake ƙoƙarin haɗawa. Barci ne ya fi ƙarfinsa. Da malam ya juya ga allo sai kansa ya faɗi, ya kama minshari, aji ya kwashe da dariya. Bencin mutum uku ba ya ɗaukarsa da wasu, aka shimfiɗa masa tabarma can baya. Yara suna kiransa Tanka. Yana fita da wuri, ya isa a makare yana haki, a zane shi. Da ya gaji da bulala sai ya koyi laɓewa bayan tasha har a tashi.

Hedimasta ya kira ni, ya ce in haka ta ci gaba ba zai sa sunansa a jarrabawar shiga sakandare ba. Malamin asibiti kuma ya ce ƙibar ce ke danne masa numfashi in ya kwanta, barcinsa ba ya zama hutu. Ya ce a rage mai da sukari, a bar shi ya motsa jiki.

Na rage, zuciyata na ciwo. Wata ya wuce, wando ya ƙara matsewa. Sai wata safiya na bi shi a baya. Luba, ashe kafin ya kai makaranta sai ya karya kumallo a kusan kowane zaure. Nan fanke, can fura da nono, gaba burodin Ƙonni an tsiyaya masa madarar gwangwani. Kowace mace ta shafa kansa ta miƙa masa. Na ce a raina ladan maraya suke nema, wa zai ga laifinsu?

Na yafa mayafi na bi gida-gida. Ina jin ni ce macen farko a Illela da ta fita roƙon a daina bai wa maraya abinci. Kin san bakin unguwarmu. Kafin la'asar an ce ina horar da ɗan ƙanwata da yunwa, don ban san zafin haihuwa ba. Na shanye wannan, ba yau aka fara gaya mini ba.

Abin da na kasa shanyewa a gidan Inna Tumba mai fura na ji shi. Tsohuwar nan ta fashe da kuka, ta ce ba za ta iya dainawa ba, don kin riƙe hannunta a jinyarki kin sa ta yi alkawari ba zai wuce ƙofarta da yunwa ba. Matar mai shayi ma haka ta ce. Mai fanke ma haka. Kalmomin da kika gaya mini, su kika gaya wa kowa, ni ina tsakar gida ina wanke miki zane.

Mi ya sa, Luba? Ba ki yarda da ni ba ne? Ni da na goye ki? Na yi fushi da ke, karo na farko tun rasuwarki, kuma ban taɓa zaton ana fushi da wanda ke cikin ƙasa ba. Daga baya na huce. Na san tsoro ne ya sa ki, uwar da ta rufe biyu ba ta ƙoshi da alkawari ɗaya ba.

Amma ga inda muka tsaya. Ni na saɓa nawa alkawarin, na ɗauki laifin, ki yafe mini. Su kuwa sun ce ba za su ci amanar mamaci ba, sai wadda ta ɗaura ta kwance. Yau da safe na raka shi har ƙofar aji ta hanyar bayan gari, yana kuka, ina jan hannunsa. Gobe ma haka zan yi, har ranar da ƙafata ta ƙi. A kan hanya ya tambaye ni ko da kina raye za ki bar shi da ƙaramin kwano. Mi zan ce masa?

Ki huta lafiya. Allah ya gafarta miki, ya haɗa mu a inda babu yunwa.

Yayarki da kika bar wa ɗa, kika bar wa unguwa ciyarwa,
Hassu