Ƙauna da Keken da Ya Ƙi Kowa

Bayan Barikin Shadawanka,
Bauchi.
14 ga Satumba.

Zuwa ga Yayana Jesse,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya a Fatakwal, kai da Anita da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfin aiki, ya tsare fitarka da shigarka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, ran Lahadi da kansa ya taka zuwa coci. Masarar da maigidana John ya shuka a Tirwun ma ta yi kyau bana. Na zaɓi takarda a kan waya ne domin maganar nan, in na fara ta da baki, murya za ta ƙi ni.

Maganar 'yarka Ƙauna ce. Ka san ta shiga aji huɗu na sakandare, kuma an ba su fom su zaɓa tsakanin ajin kasuwanci da ajin sana'o'i, inda ake koyon ɗinki da girki da yadda mutum zai tsaya da ƙafarsa. Kai ka ce kasuwanci, ita ma haka take so, kullum zancenta aikin banki. To, kafin a mayar da fom, makaranta ta zaga da su kowane aji su gani. Ranar Laraba da hantsi Malama Fati mai koyar da ɗinki ta kira ni, ta ce in zo yanzu, ba laifi aka yi ba, amma gani ya kori ji.

Na tarar da ɗalibai sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ƙauna na zaune a kan wani tsohon baƙin keken ɗinki a lungu, tana takawa. Malama ta raɗa mini cewa tun da aka sayo keken nan a gwanjo bai taɓa yi wa kowa ɗinki ba, zare yake tsinkewa, makanikai biyu sun duba sun haƙura. Yarinyar nan kuwa ta wuce sababbin kekuna shida, ta je ta zauna a kansa, ta ɗaga shi, ta gyara ƙoshiyar zare ba tare da ta duba ba. Yaya, ka sani ko maɓalli Ƙauna ba ta taɓa ɗinkawa a gidana ba. Na kiyaye umarninka tun ranar da mahaifiyarta Dorcas ta faɗi a kan kekenta ba ta tashi ba, ka sayar da shi, ka ce kada a ƙara yi wa yarinyar zancen ɗinki.

Da na matso sai na ji tana rera waƙar nan ta yarenmu da Dorcas ke yi in aiki ya yi mata daɗi, alhali Ƙauna ko gaisuwa ba ta iya da yaren ba. Na dubi katakon keken, sai ga tabon ƙuna a gefen hagu, wanda ni da kaina na yi da dutsen guga shekara goma sha shida da suka wuce. Keken Dorcas ne. Na kira sunanta sau uku kafin ta ɗago, ta dube ni kamar wadda aka tasa daga barci, ta tambaye ni me ya kawo ni makaranta.

Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce kada mu firgita yarinya. Baba kuwa cewa ya yi barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Washegari muna tsintar shinkafa, Ƙauna ta tambaye ni ina rigar shuɗin yadin da aka bari ba hannu ɗaya. Ko kai ba ka san da ita ba. Ita ce Dorcas ke ɗinka wa jaririyarta ranar da ta rasu, na cire ta daga ƙarƙashin allura na ɓoye a ƙasan akwatina, ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗauko na ba ta. Ta dawo da ita daga makaranta a kammale, na juya ta ciki da waje a hasken rana, na kasa gane inda uwa ta tsaya 'ya ta ɗora.

Na tambaye ta tsakaninta da Allah me take so. Ta ce har yanzu tana sha'awar banki, amma a kan keken nan ne kaɗai ta taɓa jin ita ba marainiya ba ce. Ranar Juma'a aka rufe karɓar fom, na sa hannu a ajin sana'o'i. Na saɓa maka, ka yafe mini. Tsoron bai bar ni ba, amma an ce abin da ya ba ka tsoro wata rana shi zai ba ka tausayi. Ka zo kafin Kirsimeti, domin ta fara yi mini tambayoyin da kai kaɗai ke da amsarsu.

Ka gaishe mini da Anita, da Fortune, da ƙaramarsu Christabel. Baba da John suna gaishe ka. Ƙauna ma tana gaisuwa, ta ce za ta ɗinka maka riga, amma kada ka aiko da awonka, wai ta san shi.

Ni ce ƙanwarka,
Comfort.