Takardar da Umma Ta Ce Sai Ta Gani

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Ya ƙafar taki? Ina fata kin daina hawa benen nan sau goma a rana saboda shanya. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewarku.

Umma, na ɗauki biro ne don na san halinki. Da zarar na ambaci kare a waya sai ki ce girkinki zai ƙone, ki katse. Takarda kuwa ba ta katsuwa.

Albishirinki, an zaɓe ni! Asibitinmu na dabbobi ya samu aikin bin unguwanni ana yi wa karnuka allurar rigakafin ciwon hauka, na gida da na kan titi, wata uku cur. Babban Likita ya ce ni zan jagoranci mota guda da mutum huɗu. Lokacin da ya faɗa ina rungume da kyanwar wata mata, na matse ta don murna har sai da baiwar Allah ta yi ƙara.

Na san abin da ke ranki. Ina shekara bakwai kare ya ciji Yaya a bakin layinmu, ɗan cizon da aka wanke aka manta da shi. Ban manta yadda bayan wata biyu yake kallon kofin ruwa yana kuka ba, yana son sha ya kasa, har Allah ya karɓi abinsa. Ke abin ya sa kin tsani kare, ni kuma shi ya kai ni karatun likitan dabbobi. Ranar da na gama makaranta kika sa na yi miki alkawarin ba zan taɓa karen da ba a san mai shi ba, sai kin ga shaida da idonki cewa jinina yana da kariya, kin kuma ce in je da bakinki. Shekara shida ke nan ina riƙe da alkawarin.

To ga shaidar tana tafe. Rigakafin da aka yi mana a makaranta yakan yi sanyi a jiki idan an daɗe, don haka kafin kowa ya shiga motar sai an ɗebi jininsa an aika babban ɗakin gwaji, a auna ƙarfin garkuwarsa. Lamba suke bayarwa. In ta kai rabi, wato sifili da ɗigo biyar, mutum ya wuce. Za su haɗa da duba sukari da hanta da ƙoda.

Jiya nas ta zo da kularta da 'yan kwalabe, ta kafa kujera a ɗakin da muke ajiye magani. Da kin ga jarumai, Umma! Mataimakina Dogo, wanda ke kayar da bijimi shi kaɗai, cewa ya yi a fara da mata. Ni da nake soka allura sau talatin a rana na zauna ina nuna wa nas inda jijiya take, kamar an tambaye ni. Ina ganin jinina yana hawa cikin kwalba, ban sake sanin inda nake ba sai jin ruwa na yi a fuska. Yanzu duk wanda ya wuce ni sai ya ce nan gaba a kira Dogo ya riƙe ni yadda yake riƙe akuya.

Sakamako zai fito nan da mako biyu, mota kuma za ta tashi nan da mako bakwai. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da Baba.

Taki har kullum,
Auta

*

Ummata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin naki, ya Baba da tarinsa? Ya gaya min kin karanta wasiƙata sau biyu, kin ninke, ba ki ce uffan ba. Na ji, kuma ban yi fushi ba.

Sakamako ya fito. Bari in fara da abin dariyar. Da na buɗe ambulan na ga lambar fararen ƙwayoyin jinina, sai na shiga lissafa cututtuka iri-iri. Na ruga wurin Babban Likita da takardar. Ya duba, ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce da ni kare ne da tuni ya kwantar da ni, amma a matsayina na 'yar Adam lafiyata ƙalau. Ashe lambobin karnuka ne suka zauna min a ka, da su na auna kaina. Sukari da hanta da ƙoda duk garau.

Amma garkuwar ba ta kai ba, Umma. Sifili da ɗigo biyu ta nuna. Shekarun nan ina shiga kejin karnuka da gadara, ashe da yagaggiyar laima nake tsaye a ruwa.

A ranar aka yi min allurar ƙari a dantse. A ƙa'idar wurin aikinmu shi ke nan, ina iya shiga mota ba sai an sake gwaji ba. Dogo ya ba ni shawarar in aiko miki da katin allurar kawai, wai ai ba za ki bambance ba. Ba zan ɓoye miki ba, na saka katin a ambulan har na lashi bakinsa, sannan na ciro shi. Shaidar jini kika ce, ba shaidar allura ba.

Don haka na roƙi a sake ɗibar jinina bayan mako uku. Gwajin zai ci mako biyu, kin ga ke nan zai fito daf da ranar tafiya. Babban Likita ya ce in takardar ta makara, ko ke kika hana, wani zai ba motar, kuma ya riga ya rubuta sunana da fensir. Ina son aikin nan kamar raina, amma ba zan hau shi a bayan idonki ba.

'Yarki,
Auta

*

Umma! Umma!

Gaisuwa a tsaitsaye, da fatan kowa lafiya. Huɗu da ɗigo shida! Ga takardar nan a ciki, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin lambar. Ta ninka abin da ake nema sau tara. Na yi tsalle a tsakiyar ɗakin jira, karnuka uku suka taya ni da haushi, wani dattijo ya rungume zakaransa ya koma bakin ƙofa.

Kada in ruɗe ki, wannan ba ya nufin kare ba zai cije ni ba. In ya faru, zan wanke wurin da sabulu na tsawon minti goma sha biyar, a ƙara min allura biyu, kuma da yardar Allah a nan maganar za ta tsaya. Abin da Yaya bai samu ba ke nan.

Yau Alhamis, mota Litinin. Na ba direbanmu wasiƙar nan ya kawo miki hannu da hannu. Jakata a ɗaure take, safar hannu da takalman roba suna ciki, amma ba zan ɗaga ta ba sai na ji daga gare ki.

Mai jiran amsarki,
Auta

*

Mahaifiyata,

Ina gaishe ki, ina gaishe ki, ina ƙara gaishe ki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Direba ya dawo jiya da rana. Ya ce kin sa tabarau, kin bi lambar da ɗan yatsa, kin tambaye shi ko huɗun nan ta fi rabin da gaske. Sannan kin shige ɗaki kin daɗe, har ya fara tunanin ya tafi. Da kika fito, ya ce idonki ya yi ja, kika ce masa: "Ka ce mata ta je. Amma ta fara da layinmu, akwai yara da yawa yanzu."

Na sa shi ya maimaita min sau uku, Umma. Na zauna a kan buhun abincin kaji na yi kuka son raina, ina dariya ina share majina da hannun riga. Izini kawai na roƙa, ban taɓa zaton ke za ki ba ni aiki ba.

Unguwarmu a mako na biyar take cikin jadawali. Na kai wa Babban Likita saƙonki yadda kika faɗe shi, nan take ya ɗauki biro ya mayar da ita ranar farko.

To sai ki shirya. Ki gaya wa maƙwabta kowa ya ɗaure karensa ya fito da shi da ƙarfe takwas na safe, waɗanda ba su da masu su kuma a bar mana su. Za mu kafa teburinmu a bakin layi, daidai wurin da kika sani. Ba sai kin fito ba idan ba za ki iya ba. Ki dai bar tagar ɗakinki a buɗe, ni ce mai farar riga.

Taki,
Auta