Rawanin Baba a Damunar Salala

Salala, ranar Talata

Zuwa ga Yayana Halfan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin sauƙi, kai da Anti Nasra da yara da duk 'yan'uwa na Zanzibar. An ce gwiwar ta fara ɗaukar ka har ƙofar masallaci. Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, sai murna da ta hana ni zama wuri ɗaya. Jibi Alhamis za a ɗaura auren ɗana Mazin, ɗan nan naka da ka yi wa huɗuba da bakinka! Dangin amarya sun karɓe mu hannu bibbiyu. Tun da muka sauka ba mu huta da cin naman nan da suke gasawa a kan duwatsu ba, ga kwakwa, ga ayaba, duwatsu kuma sun yi kore shar kamar yadda Baba yake ba mu labari lokacin da yake jan babbar mota a hanyar nan, muna cewa ƙari yake yi. Wallahi bai ƙara komai ba.

To Yaya, akwai maganar da dole in faɗa maka, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci. Maganar amanarka ce, rawanin ulun Baba da hanjar ɗinsa, wuƙar nan ta ado mai kuben azurfa, da ka aiko don ango ya sa. Ban manta sharaɗinka ba: kada a wanke rawanin, kada a fesa masa turare, domin shekara goma sha ɗaya kana tattalin ƙanshin Baba da ya rage a jikinsa.

Ka san maigidana Baban Mazin da karafan ɗin nan nasa, ɗakin nan mai taya da ya saya bayan ya yi ritaya, wanda yake wa hidimar da ban taɓa samun rabinta ba. Da shi muka zo, muka kafa shi a fili gindin dutse. Kafin mu bar garinmu Ibri ya kwashe yini guda yana bin duk wata kafar iska da salatif, har 'yan ramukan da ke jikin ma'ajiyar ƙarƙashin gado da ta gefen taya, wai ko ƙwayar yashi ɗaya ba za ta shigar masa ɗaki ba. Rawanin da hanjar kuwa ya naɗe su a leda uku, ya tura su can ƙuryar ma'ajiya jikin bango, ya rufe. Ni ma na yaba masa, kada in ɗora masa laifin shi kaɗai. Mu da muka tashi muna yaƙi da yashi, wa ya taɓa gaya mana ruwa yana iya shiga ɗaki ba ta ƙofa ba? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kwana shida muka yi cikin yayyafin nan da ba ya tsayawa, ba mu ga rana ba ko sau ɗaya. Mu biyar muke kwana a ciki, tagogi a rufe, ina dafa shinkafa, ina tafasa gahawa. Ranar Asabar da safe na ji wani wari kamar na tsumman da aka manta a bokiti. Na ɗaga katifa, na buɗe ma'ajiyar, sai ga bangon yana tsiyayar da ruwa, barguna sun jiƙe, buhun dabino ya yi gashi. Na kwance ledar. Cikinta duk gumi ne, fumfuna ta yi fari-fari a kan fatar ɗamarar hanjar, azurfar ta dushe, rawanin kuma ya yi ɗigo-ɗigo a gefe ɗaya. Na kai shi hancina, Yaya, ban ji komai ba sai warin danshi. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da Baba. Baban Mazin yana tsaye yana ta rantsuwa wai rufin ne ke yoyo, sai ya koma wurin wanda ya sayar masa.

Muna cikin haka Allah ya kawo Inna Tuful, kakar amarya, ta zo mana da madara. Tsohuwa ce 'yar firit mai bakin tsiya, irin wadda za ku shirya da ita. Ta leƙa ma'ajiyar, ta shafa salatif ɗin, ta yi dariya har tana riƙe ƙofa. Ta ce wa Baban Mazin wai Alhaji na yashi, ka toshe wa ɗaki hanci da baki sannan kana mamaki ya yi gumi? Ta ce rufinsa lafiyarsa ƙalau, numfashinmu ne da tururin tukunyata suke neman hanyar fita, da suka rasa sai suka kwanta a bango mai sanyi suka zama ruwa. Shi kuma ya ce shekara talatin yana aikin injiniya ba a taɓa koya masa aiki da kofin madara a hannu ba. Ta ce ai shi ya sa, da an koya masa da bai dafa rawanin surukinsa a leda ba. Ka ga mutumin naka ya durƙusa yana ɓare salatif da farcensa.

Tsohuwar nan ta juya mu son ranta. Ta sa muka fitar da komai, muka goge bangon ma'ajiyar da ruwan khal, muka bar murafen a buɗe. Ta sa Mazin ya jera 'yan katakai a ƙasa don kada kaya su sake taɓa ƙasa ko bango, aka zuba gawayi a gwangwanaye da gishiri mai tsakuwa a ƙullin ƙyalle, aka ajiye a kowace kusurwa. Ta ce in zan ɗora tukunya in buɗe taga ko da yayyafin zai jiƙa mini goshi, kayan ulu kuma a farin ƙyalle ake naɗe su, leda sai kifi. Da na ce to ina za mu samu ranar shanya, ta dube ni ta ce ke 'yar nan, ranar taku ai tana nan bayan dutse inda kuka baro ta.

Haka kuwa aka yi! Muka shiga mota da ita, muka hau dutsen cikin gajimare, ba mu yi awa guda ba muka faɗa cikin rana da busasshiyar iska irin ta gida. A inuwar wata bishiya ta shimfiɗa rawanin, ta bi shi da buroshi mai laushi zare-zare, ta goge ɗamarar da khal, Mazin kuma yana murza azurfar har ta dawo tana ɗaukar ido. Kafin la'asar ɗigon ya tafi, sai wani ɗan tabo da ta ce naɗi zai ɓoye shi. Kowa yana murna, ni dai zuciyata ba daɗi. Warin danshi ya fita, amma ya fita da ƙanshin Baba, kuma ban san da wane baki zan gaya maka ba.

Da muka dawo muka biya gidanta, na je alwala, ga shi ban faɗa mata sharaɗinka ba. Ina fitowa na tarar ta kifa rawanin a kan kwandon turara kaya, hayaƙin lubban yana ratsa shi. Na yi ihu na fizge shi, har na ba ta tsoro. Sai ƙanshin ya bugi hancina. Yaya Halfan, Baba ne! Shi ne sak, kamar yanzu ya sauko daga mota ya ɗaga ni sama. Na tambaye ta wane turare ne wannan, ta ce ba komai ba ne, lubban ɗin kwarinsu ne da ɗan ɓawon itacen da matan nan suke haɗawa tun kakanni, kuma duk direban da ya kwana a Salala a zamanin da, da shi ake turara masa kaya kafin ya kama hanya. Ashe shekara goma sha ɗaya muna ɓoyon abin da yake nan a kaskon kowace tsohuwa.

Jiya Mazin ya gwada kayan. Da ya juyo da rawanin a kansa da hanjar a ƙugunsa, Baban Mazin da kansa ya fita waje wai hayaƙi ya shiga masa ido. Na karya sharaɗinka, Yaya, ka yafe mini. Amanarka za ta dawo maka bayan biki a naɗe cikin farin ƙyalle. Amma ƙullin turaren da ke cikin ambulan ɗin nan ba zai jira biki ba. Kafin ka yanke mini hukunci, ka sa Anti Nasra ta kawo maka garwashi, ka zuba kaɗan, ka rufe idonka.

Ka gaishe mini da Anti Nasra, da Shamsa da maigidanta, da Hilal, da Gwaggo Azza in ta zo duba ka. Baban Mazin yana gaishe ka, ya ce kada in ba ka labarin salatif. Inna Tuful ma ta ce a gaishe da mai ciwon gwiwa. Ku sa ango da amarya a addu'a ranar Alhamis.

Ƙanwarka da ke kewarka,
Zuwaina